Dauɗar Hannun Baba

Ƙanena Nicasio ya shekara talatin da ɗaya yana haɗa sandunan fatsa a nan garin Esquina, amma bai taɓa kama ko ɗan kifi ɗaya ba. Kowa a bakin kogi ya san haka, an yi masa dariya har an gaji. Da ya shiga kwalekwale sai cikinsa ya juya. Da ya shaƙi warin koto sai ya nemi gindin bishiya. Ni ban taɓa sa baki a dariyar ba, domin ni ma haka nake, sai dai na iya haɗiye abina in ci gaba da aiki.

Sunana Hermelinda, na girme shi da shekara shida. Tun da mijina ya rasu na dawo gidanmu, ni ke da ɗakin girki da tsakar gida, shi ke da shagon da ke baya. Abin da ya sa muke zaune lafiya shi ne mu biyun ba ma shiri da ƙazanta. Wanda ya san gidan da muka tashi ba zai tambayi dalili ba.

Mahaifinmu, Don Crisanto Ojeda, shi ne masuncin da ya fi kowa suna a wannan gaɓa a zamaninsa. Masu kuɗin Buenos Aires layi suke bi don ya kai su inda dorado, ƙaton kifin nan mai ruwan zinare, ke taruwa. Allah ya ji ƙansa, amma ban taɓa ganin ƙazamin mutum irinsa ba. Hannun da ya cusa cikin gwangwanin hanjin kaza da ya kwana uku a rana, da shi zai gutsuri burodi ya miƙa maka. In ya so kyautata maka sai ya goga shi a wando tukuna. Wasu irin hannuwa gare shi, faffaɗa, yatsun gajeru masu kauri, faratan baƙi ƙirin, tafin duk tsaga, kuma a kowace tsaga akwai abin da ya shekara a ciki. Ina 'yar shekara biyar yakan ɗora ni a cinya, ya tsince ƙaya daga gasasshen kifi, ya sa mini tsokar a baki da yatsun nan masu ɗumi. Ƙauna ce, na sani. Nakan riƙe lomar a kumatu har sai ya juya, in zaga bayan murhu in tofar.

Babban abin haushin shi ne ni na gado hannun. Zoben aurena sau biyu aka mayar wa maƙeri yana buɗa shi. Shekara talatin na yi ina wankin zannuwan gado a masaukin baƙi, hannuwan nan cikin sabulu da bilic tun safe har la'asar. Sun yi fari, amma siffar tana nan. In ina zaune cikin mutane, ƙarƙashin tebur nake ajiye su. Nicasio kuwa na Mama ya ɗauko, sirara, dogaye, irin na masu kaɗa jita.

Masuntan gaɓar nan suna da wata al'ada da ban taɓa yafe musu ba. Ba a wanke mariƙin sanda, wai in ka wanke ka wanke sa'arka. Sannan duk shekara, ranar da aka buɗe kamu, kifin farko da ya hau kwalekwale sai a goga mariƙin a jikinsa daga kai zuwa wutsiya, da yauƙin da jinin duka, wai don sanda ta san abin da ake nema. Sauran mutane ɗan shafawa suke yi don kada a ce ba su yi ba. Baba kuwa murzawa yake da iya ƙarfinsa. Shekara arba'in da huɗu yana yi wa sanda ɗaya haka. Mariƙin na korcho ne, ɓawon itacen nan mai laushi da ake toshe kwalba da shi, kuma korcho babu abin da ba ya sha. Ya sha gumi, ya sha kitsen kifi, ya sha man inji, ya sha yawun taba. Ya koma baƙi wuluk yana ƙyalli, kuma a cikin baƙin kana ganin gurbin yatsu huɗu ta ƙasa, da kwarmin babban yatsa ta sama. Mama ba ta taɓa yarda sandar ta shiga ɗaki ba. A ƙarƙashin rumfa ake jingine ta, karnukan maƙwabta suna zuwa suna lasa.

Nicasio yana ɗan shekara goma sha bakwai ya tattara ya tafi birnin Rosario, ya sami aiki a wani shago da ake shafa wa jita man ƙyalli. Shekara takwas ya yi. Ciwon Mama ne ya dawo da shi, da ta rasu kuma bai koma ba. Ya share ɗakin ajiyar da ke baya, ya fara haɗa sanduna. Yakan ɗaure ƙawanyoyin da igiyar fatsa ke bi ta ciki da zare mai launi, ya fere mariƙi daidai da hannun mai shi, sannan ya rufe da resina. Resina ruwa biyu ce a kwalba biyu, ɗaya gam, ɗaya mai sa shi ya daskare. Da sirinji yake auna su, kai da kai, ya gauraya a hankali don kada kumfa ta shiga, ya shafa da buroshi. Daga nan sai ya ɗora sandar a kan injin da ya ciro daga tsohon abin gasa kaji, ta yi ta juyawa daga safe zuwa yamma don kada resinar ta taru gefe ɗaya. In ta bushe kana ganin fuskarka a ciki.

Abokin gabarsa ɗaya ne, maiƙo. Resina ba ta zama a kan maiƙo. Ko ɗigon da ido ba ya gani ne, sai ta janye ta bar ɗan rami zagayayye, abin da masu sana'ar ke kira idon kifi. Saboda haka ba a cin komai a shagonsa. Ko ƙoƙon mate, shayin ganyen nan da muke sha muna miƙa wa juna, ba ya ƙetare ƙofar, abin da mutanen garinmu suka ɗauka wulaƙanci ne. Wani likita daga Buenos Aires ya taɓa shiga da ƙunshin chipa mai zafi, ɗan burodin nan na rogo da cuku, cukun yana naso a takarda, ya kai yatsa zai taɓa sandar da ke jiran shafi.

"Dakata, Likita!" in ji Nicasio. "Da wannan hannun?"

"Haba malam, dubawa kawai zan yi."

"Da ido ake dubawa. Fita ka cinye abinka a waje. Ga famfo can, ga sabulu. In ka gama ka nuna wa Yayata, in ta ce ya yi sai ka dawo."

Mutumin da ke yanka mutane a asibiti ya zo ya tsaya gabana yana juya mini tafi da baya kamar ɗan firamare. Na ce ya koma ya sake.

Sandunan Nicasio sun je har ƙasashen da ba mu san sunansu ba, amma akwai hannu ɗaya da bai taɓa kamu da su ba. Shekarar da ya fara suna, ya yi wata uku yana haɗa wa Baba wata sanda, ya kai masa ranar bikin haihuwarsa a gaban abokansa. Baba ya karɓa, ya shinshina mariƙin, ya yamutsa fuska.

"Warin kemis take yi," ya ce. "Ga santsi. In na fita da wannan, kifi dariya zai yi mini. Kai dai ka yi ta kwalliyarka, ɗan Mama."

Da sandar nan ya riƙa kaɗo lemo daga bishiya har ta karye. Nicasio bai sake haɗa masa wata ba. Baƙar sandar tasa kuwa, Baba ya hana Nicasio ko ɗaga ta. Wai hannun da bai taɓa kama kifi ba sanyaya sanda yake yi.

Baba ya rasu a watan Yuli, da rana tsaka, yana zaune cikin kwalekwalensa a bakin gaɓa yana ɗaura ƙugiya. Sandar ta zauna ƙarƙashin rumfa wata biyar. Da zafi ya shigo sai kyankyasai suka gano ta, ɓeraye suka fara gurgurar gindin mariƙin, kiyashi suka yi hanya daga can har ƙofar ɗakin girkina. Na faɗa wa Nicasio sau uku cewa zan jefa ta a kogi.

Sai ga Don Telmo, aminin Baba, mai kantin da ke bakin mashigi. A bangon kantinsa ake rataye sandunan masuntan da suka mutu, kuma ya zo karɓar ta Baba, yana so ta hau bango ranar buɗe kamu, saura kwana goma sha huɗu.

"Baffa, ɗauke ta yanzun nan," na ce. "Ka tafi da ita da kyankyasanta duka, ba na son ko ɗaya."

Nicasio ya fito daga shago yana goge hannu. "Ba inda za ta je a haka. Dubi mariƙin, ya fara marmashewa. Wata shida a bangonka ɓeraye za su ƙarasa shi. Zan rufe shi da resina tukuna."

Don Telmo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kai yaro! Yana da rai bai bar ka ka taɓa ta ba, yanzu da ya kwanta za ka shafa mata maganin naka?"

"Hannunsa zan adana, Baffa, yadda yake. Ko bayan shekara ɗari a zo a gan shi."

Tsohon ya gyaɗa kai. "To. Amma in ka ɓata mini hannun Crisanto, kada ka sake biyowa ta ƙofar kantina."

Yana fita na miƙe. "Kawo ta in ɗora ruwa. Sabulu da buroshi tukuna, sannan sifirit ɗinka."

"Ba za a wanke ba, Yaya."

"Me ka ce?"

"In an wanke me ya rage? Baƙin nan ai shi ne hannun."

"Baƙin nan dauɗa ce, Nicasio. Kitsen mataccen kifi ne da majinar tsoho. Kai da ka kori likita a kan chipa ɗaya?"

"Na san dabarar da zan yi."

Babu wata dabara da ya sani. Ya fi kowa a faɗin kogin nan sanin cewa abin ba zai yiwu ba. Amma shi ɗan masunci ne ko da bai taɓa kamu ba, maganar wanke sa'a tana cikin ƙashinsa. Kuma na gane abin da yake so. Yana so sau ɗaya a rayuwarsa aikin hannunsa ya zauna a kan sandar Baba. Na ji tausayinsa, amma haushin ya fi yawa.

Washegari da safe ya ɗaure hanci da hankici, ya sa safar hannu, ya ɗauko ta. Kafin ya kai ta shago ya tsaya ya yi amai a gindin lemo. Ya auna resinarsa, ya shafa, ya kunna injin. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Kafin ruwan buta ya tafasa resinar ta fara gudu. Ta riƙa janyewa daga baƙin kamar ruwa a kaskon da aka soya nama, idon kifi ɗaya, goma, ɗari, har mariƙin ya koma kamar fuskar mai zanzana. A lokacin nan da ya ɗauki tsumma da sifirit ya goge tun tana ɗanya, da an tsira. Sai ya haɗa wata ya ƙara a kai. Washegari ya ƙara ta uku, kuma wannan karon bai taɓa sirinji ba. Da ido ya tuttula ruwan daskarewar, wai in ya yi yawa zai tilasta mata kamawa. Shi da bakinsa yakan ce wanda ya auna resina da ido jaki ne.

Aka yi ruwa kwana biyu, rana ta buɗe, iska ta yi nauyi. Resinar ta yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, ta ƙi bushewa. Kitsen da ke ƙasa ya narke ya taso cikinta, jaja-jaja, yana ɗiga a kan teburin da ba a taɓa ganin ƙura a kansa ba. Warin kuwa ban san yadda zan kwatanta shi ba. Ƙarnin shekara arba'in da huɗu ne zafi ya tayar, ya haɗu da warin magani. Ya shiga ɗakin girkina, ya shiga shanyata, ya shiga burodi. Na mayar da teburin cin abinci ƙofar gida, duk da haka ba na iya haɗiye komai. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko kare ne ya mutu a rijiyarmu.

Sai ƙudaje. Koraye, manya, da sauro, da ƙananan ƙwari marasa suna. Duk wanda ya sauka ya maƙale. Injin kajin yana ta juya sandar, su kuma suna ta zagayawa da ita, wasu suna kaɗa fiffike, wasu sun nutse rabi. Nicasio yana tsince su da hantsaki, kowane ɗaya yana barin ƙafa ko fiffike a ciki.

Rana ta bakwai Don Telmo ya dawo. Tun daga tsakar gida ya toshe hanci da hularsa. Ya leƙa shagon, ya ga sandar, ya buga cinya.

"Hermelinda, zo ki taya ni murna! Yau ƙanenki ya kama abu da sanda! Ɗaya, biyu, uku... kai, wannan ai kamun gasa ne. A kawo ma'auni!"

Ya matsa ya taɓa da yatsa. Da ya janye sai abin ya biyo shi, zare-zare, kamar yauƙin kuɓewa. Ya goga a wando, ya sunkuya yana dubawa. Dariyar ta tsaya. Gurbin yatsun ya cika da wannan kunu, ba a ganin komai.

"Ina hannun?" ya ce.

Tsohon ya mayar da hularsa, ya fita. Na miƙa masa mate a ƙofa bai karɓa ba, kuma tun ina yarinya ban taɓa ganin ya ƙi ba.

Na ba Nicasio har azahar. Bai fito ba. Na ɗauko na'urar busar da gashina, da tsofaffin zannuwan gado biyu na yayyaga, da cokalin katako wanda na san ba zai sake komawa ɗakin girkina ba. Na same shi zaune a kujera, namiji ɗan shekara hamsin da shida, yana kallon ƙudaje suna zagayawa. Na kashe injin.

"Da sandar wani ce aka kawo maka a haka, yaya ake gyarawa?"

Ya amsa a hankali, idonsa a ƙasa. "A ɗumama, a kankare. A goge da sifirit har tsumma ya fito fari. A bar shi ya sha iska kwana biyu. A bi da samfefa mai laushi. A shafa siririn shafi ɗaya ya toshe ƙofofin korchon, ya bushe. Sannan resina, a aune."

"To tashi."

"Baƙin zai tafi, Yaya."

"Ya riga ya tafi. Yana cikin kunun nan, shi da ƙudajen."

Shi ya riƙe na'urar yana hura zafi, ni na kankare. A rayuwata na wanke zannuwan mashaya, na wanke na marasa lafiya, ban taɓa sa hannu a abu mai tayar da zuciya irin wannan ba. Da zafi ya taɓa shi sai ya saki, ya riƙa naɗowa a cokalin, baƙi da ja da fari, da ɓawon kifi a ciki, da gashi, da wani guntun farce da ban so in san na wane ne ba. Sau biyu na fita na shaƙi iska. Na cika tsohon gwangwanin fenti, na ƙarar da zane ɗaya da rabi, sifirit kwalba biyu. Kaɗan-kaɗan korchon ya fara bayyana, launin ƙasa mai haske, irin yadda yake kafin Baba ya same shi. Gurbin yatsu huɗun yana nan, domin ashe ba dauɗar ce ta zana shi ba, shekaru ne suka lotsa korchon.

"Ka gani?" na ce. "Ga su nan."

Ban rufe baki ba na kai cokalin kwarmin babban yatsa. Wurin ya fi ko'ina shan kitse, ya riga ya ruɓe daga ciki, dauɗar ce kawai ke riƙe da shi. Ya taso gaba ɗaya, dunƙule guda kamar ƙwan kaza, ya faɗa gwangwanin ya narke cikin sauran. Inda babban yatsan Baba ya zauna shekara arba'in da huɗu sai rami, har kana hango ƙashin sandar.

Nicasio ya ajiye na'urar. Ya zauna a ƙasa, a ƙasan shagonsa, ya rufe fuska da siraran hannuwansa.

"Shi ke nan, na ƙarasa shi," ya ce. "Gaskiyarsa da ya hana ni taɓawa."

Nan raina ya ɓaci iya ɓaci. Kwana da kwanaki ban ci abin kirki ba, gidana yana ɗoyi, ƙanena yana kuka a ƙasa, duk a kan tsohon da ko sau ɗaya bai ce masa sannu da aiki ba. Na ce yau sai kogi. Na fizgo sandar daga kan injin, na kama mariƙin da hannun dama, na nufi ƙofa.

Taku biyu na yi na tsaya. Yatsuna huɗu sun faɗa cikin gurbin nan, kowanne a nasa, babu ragi babu ƙari. Ɗan ƙaramin ma, wanda ya ɗan karkace, ya sami karkataccen wurinsa yana jiransa. Na so in yar, hannun ya ƙi buɗewa.

"Yaya, kada ki motsa," in ji Nicasio. Ya taso da gwiwa yana leƙawa ta ƙasa. "Tun ina yaro nake gwada nawa a nan in ba ya gida. Yatsuna wucewa suke yi." Ya ɗago ya dubi babban yatsana, wanda ke tsaye a saman ramin. Na gane abin da ke ransa tun kafin ya faɗa.

"Ba ka isa ba," na ce. "Ba za ka sa yatsana cikin wannan ƙazantar ba."

"Babu sauran ƙazanta. Ke kika wanke ta."

Kwana biyu muka bar korchon yana shan iska, kwana biyu ina cewa a'a. Rana ta uku da safe ya gyara bakin ramin, ya niƙa sabon korcho ya zama gari, ya kwaɓa da gam mai saurin kamawa, wannan karon da sirinji. Ya cika ramin, ya shimfiɗa siririyar leda a kai, ya jawo mini kujera. Sai da na wanke hannu sau biyu, ya duba, sannan ya miƙo mini.

"Riƙe kamar dorado na ja."

"Ni na taɓa riƙe dorado?"

"Kin taɓa matse jiƙaƙƙen zanen gado. Haka za ki yi. Minti ashirin, ko ƙuda ya sauka a hancinki kada ki saki."

Na damƙe. Babban yatsana ya nutse cikin abin, laushi, sanyi. Na kawar da kai ina kallon bango. Abin da bai gaya mini ba shi ne gam ɗin nan ɗumi yake yi in ya fara kamawa. Bayan 'yan mintuna sai na ji ɗumin yana tasowa ƙarƙashin yatsana, a hankali, daidai ɗumin fatar mutum. Na san ɗumin nan. Shi ne wanda ke taɓa leɓena ina 'yar shekara biyar, a kan cinyarsa, da tsokar kifin da ya tsince wa ƙaya ɗaya bayan ɗaya don kada ta shaƙe ni. Ƙyama ta taso mini har wuya, kuka ya biyo ta, kuma wannan karon babu bayan murhun da zan zaga. Na zauna na riƙe, hawaye na zuba a kan rigata, Nicasio yana kallon agogo kamar bai gani ba.

"Saki," ya ce.

Na buɗe hannu. Ya ɓare ledar. Ga kwarmin nan, mai faɗi, mai zurfi ta gefe ɗaya.

Sauran aikin nasa ne, kuma ya yi shi yadda ya saba yi wa kowa. Samfefa, siririn shafi, jira, sannan resina a aune, taga a rufe. Babu idon kifi ko ɗaya. Ban taɓa ganin aikinsa ya yi kyau haka ba. Yakan rubuta sunansa da farin fenti a jikin duk sandar da ya gama, a wannan bai rubuta ba.

Ranar buɗe kamu muka kai ta kanti. Don Telmo ya juya ta, ya yi gunaguni cewa an mayar da Crisanto ɗan gayu. Sannan ya sa yatsansa a kwarmin.

"Wannan babban yatsan, ko idona a rufe zan gane shi," ya ce. Ya cika ƙoƙon mate ya miƙa wa Nicasio da hannunsa.

Tana bangon har yau. Nicasio yana nan a shagonsa, har yanzu bai kama kifi ba, kuma 'yan bakin mashigi sun sa masa Sarkin Ƙudaje. Masunta sun ƙirƙiro sabuwar al'ada, duk wanda zai fita sai ya dangwala babban yatsansa a kwarmin don neman sa'a, da hanjin kazarsa da majinarsa da komai. Duk ranar Litinin nakan je da tsumma da sifirit in goge shi tas. Suna ta ƙorafi wai ina wanke musu sa'ar Don Crisanto. Su yi ta yi. Yatsu huɗun nasa ne, in sun ga dama su shafa musu abin da suke so. Na biyar ɗin nawa ne, kuma ba mai bar mini dauɗa a ciki.